Littafin Kajin Babana

A tsibirinmu na Orkney iska ba ta sallama.
Shigowa take yi ta kan katangar duwatsu,
ta kwashe shanya, ta kifar da bokiti,
amma kajin babana ko a jikinsu:
ƙafafu kamar ɗan yatsa,
ƙirji na sharar ciyawa,
suna tafe suna rangaji
kamar kwalekwalen da aka cika wa kaya.

Da Erlend Rendall ya rasu
abin da ya bar min ke nan:
kaji tara, zakaru biyu,
da wani littafi mai warin sha'ir da man jirgi
wanda ban buɗe ba sai da na yi ɓarna.

Zakara na farko wake-wake ne, gajere,
zankonsa ja wur, takunsa na isa.
Na biyun kuwa dogo ne, sangarma,
kai ka ce ba gidan nan aka ƙyanƙyashe shi ba.
Na ce wannan ɓata iri zai yi.
Na ɗaure shi, na kai wa Thora Flett,
na ce ga na miyar Lahadi.

Sai na haɗa gajere da gajera.
Ƙwai goma sha shida na jera wa Baƙa,
ta kwanta a kai, ta daina kula kowa.
Dare na bakwai na shiga akurki da tocila,
ina ɗaga kowane ƙwai ina haska shi.
A wasu, jijiyoyi sun bazu kamar saiwa,
wani ɗigo yana motsi a tsakiya.
A huɗu kuwa sai zoben jini,
shiru,
kamar ɗakin da aka kashe wa fitila.

Na zargi sanyi. Na zargi Baƙa.
Na canza ciyawa, na toshe ɓarakar ƙofa.
Kwanci na biyu, bara-gurbi uku.

A daren ne na buɗe littafin.
Rubutunsa ya karkace kamar shingen da iska ta gaji da turawa:
"Ishbel, in kin karanta wannan,
kada ki raina dogon.
Gajere da gajera, kusan ɗaya cikin huɗu
ba ya fasa ɓawo.
Dogo da gajera, kowa na fita,
rabi su ɗauko uwa, rabi uba.
Mummunan nan shi ke riƙe da gidan."

Ban jira gari ya waye sosai ba.
Na tsallaka gonar Thora da takalmin roba,
ruwa na dukan fuskata ta gefe,
ina lissafin Lahadi nawa suka wuce.
Biyar.

Kafin in ƙwanƙwasa na ji shi,
cara mai tsatsa, daga bayan rumbun ciyawa.
Thora ta leƙo da kofin shayi:
"Sau biyu na wasa wuƙa," in ji ta,
"sau biyu yana haye min rufi.
Dogayen ƙafafun nan ba na ado ba ne."
Wanda aka nufa da cara dai,
ko ana muzuru, ko ana shaho,
ko ana Thora.

Na rungumo shi a cikin rigar sanyi,
zuciyarsa na bugun haƙarƙarina.

Bana goma sha ɗaya suka fita daga goma sha ɗaya.
Shida na shara da ƙirji,
biyar na leƙen bayan katanga.
Tsuntsayen teku na saukowa kan kaskon ruwansu,
albarkacin kaza, ban kore su.

Na ɗauki fensir, na buɗe shafin da ya tsaya.
Ƙarƙashin rubutunsa na sa kwanan wata,
na rubuta: sha ɗaya.
Na so in ƙara wata magana,
sai Baƙa ta yi kiran 'ya'yanta,
hankaka na kan turken shanya,
na ajiye littafin a buɗe na fita.